Ƙeyar Kofur Buba

Watan nan aka cika shekara ashirin da biyar da muka kai Baba makwancinsa. Kofur Buba na Kagarawal. In kun ce ba ku taɓa jin sunan ba, ba ku yi laifi ba, don aikinsa ke nan a ce ba a san shi ba. Mu da muka yi masa salla ba mu cika sahu uku ba. Hukumar da ya yi wa aiki kusan shekara talatin ko masinja ba ta aiko ba. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, ranar nan ban yi kuka ba. Akwai abin da nake riƙe da shi a zuciya. Na rufe shi da ƙasa ina riƙe da abin, na ci gaba da riƙe shi har bana.

Aikinsa tsaron lafiyar shugabanni. Ya shiga ɗan sanda tun Turawa suna nan. Gab da za su tafi aka tsince shi tare da wasu, aka karɓe musu kaki, aka ce daga yau farin kaya za su riƙa sawa, su riƙa bin manyan da za su karɓi ƙasa. Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka haife ni, kuma Inna ta ce sai da na yi wata huɗu kafin ya zo ya gan ni. Daga Kaduna aka mai da shi Ikko. Mulki ya bar hannun masu babbar riga ya koma hannun soja, sashen nasu ya tashi daga ƙarƙashin 'yan sanda ya zama hukuma mai zaman kanta, shugabanninta suka yi ta zuwa suna tafiya, shi yana nan da igiyarsa biyu da ba ya ma sawa. Manya uku ya tsare. Ba zan faɗi sunansu ba, shi ma bai taɓa faɗa mana ba, daga baya na sani.

A unguwa ba a yarda da wannan ba. Ɗan sanda ba kaki, ba kulki, ba hoto ko ɗaya a bango? Wasu suka ce kuku ne a gidan wani minista. Wasu suka ce wanki da guga yake yi a Ikko, kunya ta hana shi faɗa. Yana jin su in ya zo hutu, ba ya tankawa. Zai zauna a zaure a kusurwar da ke kallon ƙofa, bayansa a jikin bango. Duk wanda ya shigo, hannunsa yake fara duba, sannan ya amsa sallama. Har ni. In na kawo masa ruwa, kwanon yake kallo da yatsuna. Zan iya rantsuwa ban tuna ranar da ya dube ni ido cikin ido muka jima ba.

Yanzu ga abin da na riƙe shi da shi.

Ina aji bakwai lokacin da arzikin mai ya ɓarke. Waɗanda suka ga lokacin sun sani. Gombe ta cika da sababbin babura, kowane malamin makaranta da rediyo a kafaɗa, magina sun yi ƙaranci, tirela tana sauke siminti kamar ba gobe. Baban kowa ya dawo da wani abu. Namu ya dawo da jakarsa ta da. Ban damu ba, don a shekarar ni na zo na ɗaya, kuma ni aka zaɓa in karanta jawabin ban kwana na 'yan aji bakwai ranar rabon kyaututtuka. Hedimasta ya rubuta, ni na haddace. Inna ta sa aka rubuta wa Baba wasiƙa, ba mu sa rai ba. Sai ga shi ana gobe taro ya sauko daga jirgin ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura don zama, kwana biyu a hanya. Na ɗaukar masa jaka daga tasha har gida, ina tafe ina duba ko abokaina sun gan mu.

An yi taron da hantsi a babban ajin da aka cire allon tsakiya. An jera tebura aka yi dandamali. Iyaye sun cika benci, wasu a tsaye, wasu suna leƙe ta taga. An ba Baba kujera a sahun gaba, ya ƙi zama. Da aka kira sunana na hau, sai ya taso ya zo gaban dandamalin, daidai ƙasan inda nake tsaye. Zuciyata ta yi fari, na ce ya matso ne don ya ji da kyau.

Sai ya juya. Ya ba ni baya, ya fuskanci jama'a, ya haɗa hannuwansa a gaba.

Na fara karatu ina kallon ƙeyarsa. Ƙeya ce mai tsagi biyu, da wani tabo kamar ƙwayar gyaɗa a bayan kunnen hagu. Na gai da hedimasta, na gai da baƙi, na gode wa malamai, muryata tana fita daidai. Na zo kan layin iyaye. Na ce, “Muna godiya ga iyayenmu, waɗanda suka bar ayyukansu suka zo.” Nan na tsaya. Da sauran magana, amma na ce ba zan ƙarasa ba sai ya waiwayo. Na yi shiru da gangan. Duk ɗakin ya yi tsit, kowa ya ɗago yana kallona, har jaririn da ke kuka a baya aka toshe masa baki da nono. Mutum ɗaya ne bai dube ni ba. Maimakon ya juyo, sai ya ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, har bayansa ya taɓa teburin da nake kai. Kansa yana tafiya a hankali daga wannan taga zuwa waccan.

Na naɗe takardar na sauka. Hedimasta ya ce yaro ne, tsoro ya kama shi, a tafa masa. Aka tafa irin tafin tausayi.

A hanyar gida na jira ya ce wani abu. Mun kusa ƙofa ya ce, “Wa ya shirya wurin nan?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Ƙofa ɗaya. Kuma sun sa ka tsakanin taga biyu.”

Shi ke nan. Washegari ya hau jirgi. Yara suka samu abin yi, duk inda na bi sai wani ya juya mini ƙeya ya haɗa hannu, sauran su fashe da dariya. Wani ya ce, “Kuku ma ya ƙi kallonka, to wa zai kalle ka?” Na fasa masa baki, aka yi mini bulala shida. Na gaya wa Inna abin da ke cina, ta ce, “Haka Allah ya yi shi, ka yi haƙuri.” Ita ma ba ta san komai game da aikin ba, kuma haƙurin da take ba ni shi take ci da kanta.

Na shiga sakandare, na fita a aji biyu. Ba zan ɗora masa duka ba, ni ma da taurin kaina. Amma a raina na riga na yanke cewa in zuwa na ɗaya bai isa a dube ni ba, ban ga abin da zai isa ba. Na koyi walda. Yau ina da rumfa a Gabukka, ina yi wa masu hali ƙofofin ƙarfe da tagogi masu sanda, su kulle kansu a ciki. Uban ya tsare manya da jikinsa, ɗan yana tsare su da ƙarfe, babu wanda ya san sunanmu a cikinsu.

Da ya yi ritaya ya dawo Kagarawal, shekara huɗu muka yi a gida ɗaya. Ya koma kusurwarsa ta zaure. Ba mai zuwa wurinsa, don bai iya hira ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jin maganar manya ba ya maimaitawa, bakinsa ya manta hanya. Da safe in gaishe shi, ya duba hannuna, ya amsa. In ya ga ƙuna ta walda sai ya ce, “Ka sa mai.” Ban taɓa tambayarsa zancen ranar nan ba, shi ma bai tayar ba. Ciwon kwana tara ya yi, ya rasu. Inna ta bi shi bayan shekara shida. Matata ta zauna da ni iya zamanta, ta tafi da yaranmu biyu wurin danginta. Abin da ta faɗa ranar da za ta tafi shi ne, “Kai ba ka kallon mutum.” Ban yi musu ba.

Yanzu Gombe ta zama babban birni, muna da manyanmu na kanmu, ba sai an je Ikko ba. Kusan kullum sai jiniya ta wuce gaban rumfata. Ina ajiye aiki in kalli masu tsaron manyan, 'yan bayan Baba. Baƙin tabarau, baƙar kwat a wannan rana tamu, bindiga a fili kamar tallarta suke. Suna dukan mai acaɓa don bai kauce da wuri ba. Na taɓa zuwa wani taro a fili, na ga ɗayansu ya juya yana kallon bakin maigidansa, yana jiran ya yi barkwanci ya yi dariya, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Nakan ce da Baba zai tashi ya ga wannan, me zai ce? A da amsata ita ce ba zai ce komai ba, don bai taɓa cewa komai ba. Yanzu na san zai ce wani abu, kuma na san mene ne. Zai tambaya wa ke kallon jama'a.

Abin da ya sa na sani, bana bayan sallar layya wata mata ta ba ni aikin ƙofar gida a Herwagana, bayan wata coci. Na je kafawa. Ina durƙushe ina haɗa ƙarfe, na ba gidan baya, sai na ji muryar tsoho daga ƙarƙashin bishiyar dalbejiya.

“Kai mai walda. Kar ka juyo.”

Na tsaya.

“Wannan ƙeyar Buba ce. In ba ɗansa ba ne kai, to satowa ka yi.”

Mahaifin matar ne, Saje Yohanna, Batangale, ya haura tamanin, ido ɗaya ya mutu. Tare aka ɗauke su da Baba, ɗaki ɗaya suka zauna a Ikko shekara goma sha ɗaya. Ya ce ranar jana'iza yana can nesa da maƙabarta a tsaye, bai matso ba don kar ya takura mana. Na gaishe shi sama-sama, ina so in koma aikina. Ya ce, “Zauna, ɗana. Ƙofar ba za ta gudu ba, ba ka ma kafa ta ba.”

Ya sa aka ɗauko masa wani littafi mai kauri, mai sheƙi. Hukumar ce ta buga tarihinta, wani jikansa ya samo masa. Na buɗe. Shafi bayan shafi hotunan shugabanninta ne. Bature na farko da lofen taba a baki, sai wanda ya gaje shi, sai mai kakin soja, sai mai hula, kowa da cikakken sunansa da garinsu da kyawawan abubuwan da aka ce ya kawo. Wannan ya sayo motoci, wancan ya gina ofis, wancan ya canja suna. Na duba daga farko har ƙarshe, waɗanda suka tsaya a rana babu sunan ko ɗaya.

Na ce, “Baba Yohanna, ku ina kuke?”

Ya yi dariya. “Mu? An hana mu shiga hoto. In ka ga mai hoto ka kau da fuska, doka ce. Takarda kuma in ka gama da ita ka ƙona. Mun bi doka sosai har muka ɓace.” Ya lashi yatsa ya yi ta juya shafi. “Amma Buba ya yi kuskure sau ɗaya. Ga shi.”

Tsohon hoto ne, baƙi da fari. Wani babba a kan dandamali yana jawabi, hannu a sama. An rubuta sunayen duk waɗanda ke zaune a bayansa. A ƙasa, daidai ƙafafun mai jawabin, ga wani mutum cikin farar riga. Mai hoton ta gefen baya ya ɗauka, don haka fuskar ba ta fito ba. Ya ba mai jawabin baya, ya fuskanci jama'a, hannuwansa a haɗe. Tsagi biyu a ƙeya. Na kai littafin bakin haske, na ga tabon.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallo ba. Na ce, “Ya juya masa baya.”

“To da fa? Ya kalle shi ya ga me? Ba daga bakinsa harsashi zai fito ba.” Ya karɓi littafin. “Abin da Baturen da ya horar da mu ya fara koya mana ke nan, da mari. Wanda kake tsaro ba ka kallonsa. Kowa a wurin shi yake kallo, kai kaɗai ne ba ka da wannan gatan. Kana jinsa da kunne, idonka yana kan hannun mutane. Kuma ba kowa ake ba ƙasan dandamali ba, sai wanda aka san ba zai kauce ba.”

Na ce, “In mai maganar ya yi shiru fa? A tsakiyar magana?”

Ya dube ni da idonsa mai rai. “Nan ne ba ka juyawa ko kusa. In ya yi shiru, wani abu ya gani. Sai ka ja da baya ka rufe shi da jikinka, ka nemo abin.” Ya ɗora littafin a cinya. “Zancen makarantarku kake yi.”

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

“Buba ya dawo Ikko bai ci abinci ba kwana biyu. Ya ce, Yohanna, yaron nan ya ga wani abu, na duba taga, na duba ƙofa, na duba hannun kowa, ban samu ba. Ya ce tsufa ya fara kama shi, a gaban ɗansa ya kasa. Ya zana mini ɗakin a ƙasa da tsinke ya fi sau goma.”

“Me ya hana ya tambaye ni?”

“Ana tambayar maigida me ya sa ya yi shiru?”

Na ce ni ba maigidansa ba ne, ɗansa ne, shekarata goma sha uku. Na faɗa da ƙarfi har matar gidan ta leƙo. Tsohon bai ji haushi ba. Ya ce, “Bai san wata tsayuwar ba, ɗana. Ita kaɗai gare shi, ita ya kawo maka, kwana biyu a jirgi.”

Sai ya gyara zama, ya rufe ido, ya fara karanto jawabin. Jawabina na aji bakwai, daga gaisuwar hedimasta, da Hausarsa ta Tangale, bai tsallake kalma ba. Ya ce Baba ya yi ta maimaita shi yana guga, yana aski, har shi ma ya hau kansa. Ya zo kan iyayenmu waɗanda suka bar ayyukansu suka zo, ya tsaya. Ya buɗe ido.

“Suka zo me? Buba ya mutu bai sani ba. Ni ma na gaji da jira.”

Na ce, “Suka zo don su gan mu.”

Ya gyaɗa kai, ya ce, “Ashe gajere ne.”

Kar wani ya ɗauka na rubuta wannan don in ce komai ya warware. Bai warware ba. Makarantar da na bari ba za ta dawo ba, shekara huɗun da muka yi a gida ɗaya muna gaisuwa kamar maƙwabta ba za su dawo ba. Har yanzu ina cewa da ya waiwayo sau ɗaya, da ban zama wanda na zama ba. Haushin dai ya tashi daga kansa ya koma inda ya dace. Shugabannin nan da suka cika littafi da fuskokinsu sun ɗauki samari daga ƙauye, sun koya musu kau da ido daga abin da suka fi so su gani, sun yi amfani da su har ƙarfinsu ya ƙare, sannan suka sallame su gida ba wanda ya gaya musu cewa aiki ya ƙare, yanzu za ka iya kallon ɗanka. In akwai mai riƙe da hukumar yau da zai karanta wannan, ba na roƙon komai. In za ku sake buga littafin, mutumin da ke ƙasan dandamali sunansa Buba.

Me ya rage na Baba? Gidan Kagarawal an raba, an sayar. Kabarinsa na je nema bana, ƙasa ta daidaita, sai dai na yi addu'a a inda nake zato. Ba lambar yabo, ba takarda, fuskarsa ma ta fara ɓace mini, don ban samu kallonta da yawa ba. Abin da na sani nasa sosai ƙeyarsa ce, kuma ita ce ta rage. Baba Yohanna ya sa reza ya yanke shafin ya ba ni. Na ce zai ɓata littafi, ya ce sauran duk manya ne, ba za su ji ba.

Na yi masa firam na ƙarfe da hannuna, na rataye a rumfa, a bangon da ke fuskantar inda nake zama. Masu kawo aiki suna tambaya ko wannan babban mutumin ɗan'uwana ne, suna nuna mai jawabin. Ina ce musu a'a, na ƙasan. Sai su ce ai ba a ganin fuskarsa. Ina ce musu aiki yake yi.

Allah ya jiƙanka, Baba. Babu kowa a taga. Ni ne kawai nake so ka juyo.